Ma'aikacin Kamfani Mai Cewa Fuɗu

Kati na uku ke nan Malam Giɗaɗo ya kankare tun hantsi, kuma har yanzu bai samu wanda yake nema ba.

A Fakku sabis ba ya son zaman cikin gari. Sai mutum ya fita bayan gari ya hau wani tsohon suri kusa da tsamiya, ya ɗaga waya sama kamar mai duban wata. Wannan suri shi Malam Giɗaɗo ya mayar ofis. Shekara biyu yana hawa yana kiran kamfanin waya da ƙorafi: yau murya na yankewa, gobe saƙon banza ya yi yawa, jibi kuwa babu komai, ya dai ji a jikinsa wayar na shirin lalacewa. Da can kiran kyauta ne, ba wanda ya kula. Sai watan jiya kamfanin ya ce duk mai ƙorafi sai ya biya, minti-minti, har da lokacin da ake sa masa kiɗa yana jira.

Kowa ya daina kira. Malam Giɗaɗo ya sayar da zakara biyu.

Ƙorafinsa na bana guda ɗaya ne, kuma ya hana shi sukuni: kamfani ya turo mutum takanas ya zo Fakku kafin Sallar layya. Saura kwana huɗu. Dattawan gari murmushi kawai suke yi in an ta da zancen. Almu mai sayar da kati kuwa, wanda bai daɗe da dawo da rumfarsa daga Jabo ba, abin ya ishe shi, har ya biyo tsohon bakin suri.

"Baba, ni ka cin riba, amma wallahi kunya nika ji," in ji Almu. "Kamfanin da ke Legas, mi za shi kawo shi Fakku?"

"Ba ni wani," in ji Malam Giɗaɗo.

Abin da ke cinye katin shi ne tsohon yana da zaɓe. In mace ta ɗauka, ya kashe. In ya ji Hausar rediyo, ya kashe. Cikin ma'aikatan nan duka mutum ɗaya tak ya yarda da shi, wai shi kaɗai ke gane magana, domin in yana karanto lamba fuɗu yake cewa, ba huɗu ba. Sai a yi kira goma ba a faɗa kansa ba.

Matarsa Goggo Saudatu ba ta taɓa sa baki a harkar ba. Sai dai itacen girki yakan ƙare mata daidai wannan lokaci, ta zo gindin tsamiya ta juya baya tana tsintar ƙirare ɗaya-ɗaya. Yau ma tana nan.

Kati na huɗu ya shiga. Kiɗa ya ci kusan rabinsa, sannan aka ɗauka.

"Salamu alaikum, sunana Abdulƙadir, da me zan taimaka?"

Tsohon ya gyara tsayuwa, ya buɗe muryar wayar don kunnensa na hagu, kamar yadda yakan ce.

"Malam Abdulƙadir."

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Malam Abdulƙadir, kana ji na?"

"Ina ji."

"To, madalla, Malam Abdulƙadir."

Almu ya dafe kai. Suna ɗaya sau uku, ga kati na zuba.

"Shekara ukku ba mu ga mutumin kamfaninku ba garin ga," in ji tsohon. "Ga Salla ta taho, an ɗaure rago. Kuma akwai wata tsohuwa nan, ita ma wayatta ba ta jin daɗi."

Almu ya waiwaya ya dubi Goggo Saudatu. Duk Fakku an san ba ta da waya. Ita kuwa ta tsaya cak da ƙirare biyu a hannu.

Abdulƙadir ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ana naɗar wannan kira, ba ni da ikon yin alkawari da sunan kamfani. Amma an karɓi ƙorafinka, lambarsa fuɗu, bakwai, fuɗu. Za a duba cikin kwana..."

Kati ya ƙare.

Almu ya ji tausayi ya kama shi, ya zaro wani ya ce kyauta ne. Tsohon ya ƙi. Ya sauko a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, ya wuce gida. Kwana uku bai hau suri ba, sai dai ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gida yana fuskantar hanyar Kebbe, yana cewa rago yake gadi.

Ranar jajibere bayan la'asar wani babur ya tsaya a ƙofar gidan. Wani mutum ya sauko, da rigar kamfani a jikinsa da jaka a kafaɗa. Almu ya bar rumfarsa a buɗe ya sheƙo. Baƙon ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa.

Malam Giɗaɗo, wanda ya ƙarar da zakara biyu don wannan rana, sai ya kau da kai ya ƙura wa rago ido. Goggo Saudatu ta leƙo daga zaure, ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki.

"A ba baƙo ruwa," in ji tsohon.

Almu ya kasa haƙuri. "Haba Baba! Ga Malam Abdulƙadir ɗinka har gida, ko sunanai ba ka kira?"

Bube, ɗaya daga cikin dattawan, ya jawo hannun rigar Almu yana danne dariya.

"Rufa mai asiri, ɗan Jabo. Kai ma ka sani, uba bai kiran sunan ɗan fari nai, sai dai in kamfani shika kira."