Gurbi Ɗaya a Kanta

Madafar jirgin ruwan baban Tenri ba ta fi akurki ba, don haka kowane matuƙi gurbi ɗaya gare shi a kanta na ajiye kofi. Da Rewa, matuƙin da ke son Tenri, ya leƙo, sai ga kofin Mappa, sabon matuƙin nan mai yawan murmushi, a gurbin da nasa ya saba zama.

Ya dubi Tenri da ke bakin murhu. "Har an sauke ni ke nan?"

Tenri ta ci gaba da juya kifi. "Wurin ne ya yi kaɗan, Daeng Rewa."

"Nawan fa? Teku ya tafi?"

Ta ɗauko nata kofin ta miƙa masa. Nasa na zaune daram a ciki.

"Gurbi ɗaya ya ishe mu. Amma ka je ka sami Baba da maganarmu tun bai zo neman shayi ya gani ba."