Mai Ashana

Wani dattijo yana zaune a bencinsa na tashar jirgin ruwa aka kwance mazubin tokar taba. Ma'aikaciyar hukumar gari ta jefa mazubin bayan mota, ta kafa allo a gurbinsa: daga yau ba shan taba a tasha, da lambu, da duk filin hukuma.

"Dattijo, ba da kai muke faɗa ba," ta ce tana gyara safar hannu. "Huhunka muke ceto. Wata rana har godiya za ka yi mana."

"Masu sha fa, ina za su?"

"Gidajensu mana. Kowa da barandarsa."

Haka kuwa aka yi. Mutanen garin nan ba sa taka doka, kamar yadda ba sa yi wa baƙo magana. Sai ka shekara bene ɗaya da mutum bai wuce gyaɗa maka kai ba. Dusar ƙanƙara ta zuba ta narke. Jirgi ya zo ya tafi, kowa ya wuce dattijon ido na kan waya.

Ranar da ma'aikaciyar ta dawo goge allon, ta tarar da shi ya rame, yana juya kwalin ashana.

"Har yanzu ba ka daina ba?"

"Ban taɓa sa ta a baki ba, 'yata. Tun da matata ta rasu nake yawo da ashana. Mai neman wuta dole ya ce maka sannu."

Ya matsa ya ba ta wuri a bencin. Ta duba agogo, ta shiga mota.