Mabiyiyar Jikar Goggo Tabawa

Tun da aka kafa dokar, an daina binne mabiyiya. Asibiti ake kai ta, a duba ko abin da ya gina jariri a ciki zai farka wata rana ya zama ciwon daji.

Da ma'aikaciyar asibiti ta zo karɓar mabiyiyar sabuwar jaririya, Goggo Tabawa ta nuna mata ɗanyar ƙasa a bayan ɗaki.

"Na binne mabiyiyar jikata."

"Haba Goggo! In an gani da wuri, ai ana magani."

"An duba mabiyiyar 'yata Hansatu da na haife ta, aka faɗi shekarar da ciwon zai tashi. Ban taɓa jin yarinyar nan ta ce 'in na tsufa' ba."

"Wace shekara aka ce?"

Goggo ta dubi ɗakin da Hansatu take shayarwa.

"Bana."