Ludayi Mai Huji

Zubairu ya zauna a gaɓar teku ta Água de Meninos, can ƙasar da aka kai su bauta, yana huda gindin sabon ludayi da ƙusa. Masu dako suka yi ta dariya, ya yi kunnen uwar shegu da su.

Bawa ne, aikinsa kai gangunan ruwan sha a kwalekwale zuwa manyan jiragen da ke tsaye cikin teku. A wani jirgi da ya zo daga Makawo, can gabas mai nisa, ya haɗu da tsohon kuku, mutumin Japan, wanda teku ta raba da gida tun yana saurayi. Da guntun Fotugis da nuni da hannu tsohon ya gargaɗe shi. A ƙasarsu, in ji shi, waɗanda ruwa ya ci ba sa kwanciya. In hadari ya rufe teku sukan taso su roƙi ludayi. Ka ba su mai kyau, su yi ta ɗura maka ruwa har ka nutse. Sai dai ka jefa musu mai huji ka gudu. Kuma da muryar wanda ka fi so suke kira.

Wani zai ce tatsuniya ce, ban da Zubairu. Da idonsa ya ga waɗanda aka jefa teku daga jirgin da ya kawo su, babu wanka babu salla. To, ina za su kwanta?

Shi kuwa bai shirya mutuwa ba. Ƙaninsa Aliyu kaɗai ya rage masa a duniya, yana can unguwar Pelourinho yana ɗaukar ubangidansa a kujerar da bayi ke saɓawa a kafaɗa, wanda kwanan nan ya sa wani baƙo ya duba haƙoran Aliyu kamar mai shirin saye. Sun ƙulla ranar Juma'a za su tsallake ruwa su shige daji. Har sun ɓoye wani tsohon kwalekwale, saura Zubairu ya toshe hujojinsa.

Ranar Laraba da la'asar yana dawowa, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɓace, jirage suka ɓace. Sai ya ji kira.

"Yaya! Yaya Zubairu!"

Muryar Aliyu ce sak. Ta cikin ruwan ya hango wani abu rabinsa a nutse, fuska fara fat, hannu ɗaya a miƙe, igiyar ruwa na ɗaga shi tana sauke shi.

"Miƙo ludayi, Yaya! Don Allah ludayi!"

Ashe tsohon nan bai yi ƙarya ba! Ya tsallake ludayinsa mai kyau, ya ɗauko mai hujin ya wurga. Ya ga an cafe. Ya juya kwalekwale ya tuƙa iya ƙarfinsa yana Ayatul Kursiyyu da ƙarfi don kada ya ji. Muryar ta bi shi tana magiya, tana kiran sunan uwarsu, har ta yi shiru.

Ya isa gaɓa, ya faɗi ya yi sujadar godiya a kan yashi.

Inna Jummai mai ƙosai ta fito daga rumfarta da gudu, tana leƙa bayansa.

"Ɗan nan, kai kaɗai? Ina Aliyu? Yau da hantsi aka sayar da shi ga masu gonar rake, ya kuɓuce musu, ya shiga tsohon kwalekwalen nan mai yoyo ya bi ka teku."