Karen da Ya Manne wa Mai Gadi

Vinzenz ya hango karen tun daga kan gadar katako, ya sauke ajiyar zuciya. Tun safe yake kai da komo shi kaɗai a cikin kwazazzabon da yake gadi, abokin aikinsa bai zo ba, ko burodin da ya ƙunso bai samu ya buɗe ba. Yanzu kuma ga kare.

Doka dai a fili take: ba a shiga da karnuka sai na masu lalura. Hanyar matsattsiya ce, dutse a dama, ruwa na ruri a can ƙasa ta hagu, rana ba ta leƙowa, katakan kullum a jiƙe. Amma kowace bazara sai an samu masu sayo wa karensu rigar aiki don su yi wa masu gadi wayo.

Wadda ke riƙe da igiyar karen, wata dattijuwa mai suna Gudrun, idonta garau. Har hoto take ɗauka.

"Baiwar Allah, juyawa za ki yi."

"Karen aiki ne. Na nuna wa mai tikiti katinsa."

"Kowa haka yake cewa."

Gudrun ta lumshe ido. Ta yi wannan bayanin a motar haya, ta yi a gidan burodi, ta yi har a ƙofar asibiti. Yau iska kawai ta fito sha.

Kafin ta buɗe baki, karen ya bar gefenta ya nufi Vinzenz. Ya cusa hanci a tafin hannunsa, ya ɗora ƙafa a gwiwarsa. Vinzenz ya ture shi. Ya dawo. Ya sake ture shi, ya sake dawowa, har da ɗan kuka.

"Kin gani ko? Kare mai horo ba ya kula baƙo. Wannan ɗan gata ne kawai aka sa wa riga!"

Muryarsa ta fi yadda ya so ƙarfi. Duk sanyin wurin, zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Ya kama igiyar ƙarfen da ke gefen hanya, don hannunsa rawa yake. Ɓacin rai ne, ya ce a ransa. Shekaru kuma sun ja.

Gudrun ba ta ƙara musu ba. Ta duba wayarta, ta dubi karen, sannan ta hau laluben jaka da sauri.

"Kar ma ki wahala, ba wata takarda da zan duba," in ji Vinzenz. "In ba ki fita ba, zan kira... zan kira su..." Sunan ofishin ya ɓace masa. Ya zaro rediyon oba-obarsa, ta suɓuce, ta bi ta tsakanin katakai ta faɗa ruwa. Ya sunkuya yana kallonta, jikinsa na rinjaya wajen ramin.

Gudrun ta damƙo kafaɗarsa, ta janyo shi ta zaunar a jikin dutse. Ta danna masa kwalin ruwan tuffa a hannu.

"Shanye, bawan Allah. Ka yi allurar ciwon suga ba ka ci komai ba, ko? Aikin karena Bosko ke nan, sansano faɗuwar suga. Na duba nawa a waya, lafiya lau yake. Naka yake ta faɗa maka."