Kafin Kitson Ya Tsufa

Ana ta loda kaya a mota ƙofar gida, Wasila kuwa tana gindin itacen bedi tana yi wa Gimbiya kitso. Tun rasuwar uwar yarinyar, wannan maƙwabciyar bazawara ce ke gyara mata kai. Yau uban, Malam Tanimun, zai bar Konni, an mayar da shi koyarwa a wata lakwal, makarantar boko, a Damagaram.

Ya zo ya tsaya yana murza hula a hannu.

"Wasila, in kin yarda zan turo magabatana, ki biyo mu. Ɗiyar ga ta saba da ke."

Hannunta ya tsaya cak cikin gashin. Ta daɗe tana jiran maganar nan, amma ba haka ta so ta zo ba.

"Ita ta saba, Baban Gimbiya. Kai fa?"

Ya buɗe baki ke nan 'yan dako suka fito da gadon marigayiya. Idonsa ya raka gadon har mota.

Wasila ta sunkuya ta ci gaba da kitso ƙanana-ƙanana, tana ja har yarinyar ta ce, "Inna, da zafi!"

"Yi haƙuri, so nike ya daɗe."

Ta tufke jelar ƙarshe, ta miƙe ba ta dube shi ba.

"Mai kitso ba ta wuya a Damagaram. In mata kake so, ka san hanyar Konni. Amma kada ka bari kitson ga ya tsufa."