Alkamar Radko

Tsohuwa Tsveta ta damƙe hannun tsohon kanar ɗin leƙen asiri a ƙofar cocinmu.

"Velev, ƙafarka ɗaya tana kabari. Ina kuka ɓoye mini Radko?"

Tun da aka tura ɗanta da jirgin saman yaƙi ya bi wani haske a saman dutsen Rila, bai dawo ba. Ba a ga gawa ba, ita kuma ta ƙi dafa masa alkamar da muke dafa wa wanda ya mutu. Kullum sojoji sai su ce sirri ne. Kalmar nan ce ta riƙe ta, don mai ɓoyewa ai ya san wani abu.

Kanar ya sunkuyar da kai.

"Inna, mu ma ba mu san komai ba. Abin da muke ɓoyewa ke nan."

Ta saki hannunsa. Da yamma ta jiƙa alkama.